Garuruwa Ukun da Ban Taɓa Zama Ba

Talata, 1 ga Oktoba, 2024

Malam Maiwada ya ce a ba shi wata guda. Zai yi bincike a kaina, in ya gamsu a sa rana. A falonsa na unguwar Al-Ranuna ya faɗa, bayan La'asar, yana zuba min shayi, ko ɗago kai bai yi ba. Na ce, "To, Allah gafarta Malam." Me zan ce? Radiyya ƙanwarsa ce, shi ne waliyyinta tun rasuwar mijinta, kuma ba mai ba da aure ido rufe.

Ita ta shigo ta gaishe mu ta fita, bai fi minti biyu ba. Dawowarta ke nan daga asibitin da take aikin jinya, da gajiya a muryarta. Shekarata arba'in da ɗaya, na zauna gaba da gaba da mutanen da za su iya sayen unguwa guda ban ƙifta ido ba, yau ga shi na kasa haɗa ido da ita. Ina son matar nan. Na rubuta, tunda ba mai karantawa.

Abin da Malam ya sani: Barau, mutumin Gusau, direban bas ɗin 'yan ziyara, shekara uku a Madina, iƙamarsa ta zaman ƙasa lafiya lau, ba ya wasa da jam'i. Ya je karatu Saifurus bai gama ba, ya daɗe a ƙasashen waje. Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya. Abin da bai sani ba shi ne shekara goma sha ɗaya sana'ata caca ce. Ba kartar bakin tasha ba. Poka, ta manyan tebura, inda ake ajiye kuɗin gida sukutum a kan kati biyu. Da ita na ci, da ita na sa sutura, da ita na hau jirgi.

In ya ji, an gama. Malamin jami'a ne, hadisi yake koyarwa.

Laraba, 2 ga Oktoba

Na zauna na tuna waɗanda suka san ni a garin nan har da za a tambaye su. Uku ne. Sagiru, mutumin Maraɗi, abokin ɗakina, makanike a warshar gyaran mota da ke ƙasan gidanmu a unguwar Sultana. Abba, ɗan Kano, da muke karɓa-karɓa a bas ɗaya. Sai Hajiya Ƙaltume ta Ƙiblatain, tsohuwar da ke dafa wa mutanenmu tuwo ranar Juma'a, ita ce ma ta haɗa ni da gidan Malam tun farko.

Ba wanda na taɓa gaya wa. In an tambaye ni inda na zauna kafin Madina, nakan ce "nan da can," in canza magana. Amma shekara uku mutum yana kwana ɗaki ɗaya da kai. Ana magana cikin barci ai.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Bayan Magariba na zauna a karatun wani shehi a masallacin Annabi, irin wanda ake miƙa tambayoyi a takarda. Na rubuta tawa da Larabcina na direbobi: mutum ya tuba daga wani babban zunubi, yana neman aure, dole ne ya gaya wa dangin matar? Na ninke na miƙa ta hannun wani da ke gabana, don kada a gane daga ina ta fito.

Shehin ya karanta, ya ce wanda Allah ya rufa wa asiri kada ya tona kansa. Tubansa tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ba dole ya faɗa ba, amma kada ya yi ƙarya. Shi ke nan ya wuce tambayar gaba, ta wani mai kokwanton alwala.

Ya kamata hankalina ya kwanta. Amma lokacin da yake cewa "kada ya tona kansa" ya kalli ɓangaren da nake. Mun fi ɗari biyu a wurin, na sani. Ya dai kalla.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na yi sakaci yau.

Muna cin ful da tamis da safe, canjin da aka ba ni a kanti yana kan tabarma, riyal-riyal na ƙarfe. Ina tunanin Radiyya, ban san hannuna ya kama aikinsa na da ba. Ya jera su gida biyu, ya saƙa su cikin juna da yatsu uku, ya sake rabawa, kamar yadda nake yi da kwabban robar da ake wasa da su a tebur. Sai muryar Sagiru na ji: "Kai, Barau, a ina ka koyi wannan?"

Na ce, "Wasan yara ne." Na watsa su.

Ya yi dariya, ya ce in sake ya gani. Na ƙi. Ya ɗauka ya gwada, suka zube cikin ful, ya ƙara dariya. Dariyar ce ban yarda da ita ba. Ta zo da wuri, ta kuma daɗe fiye da yadda abin ya kai. A tebur, wanda ya yi irin wannan dariyar yana da abu a hannu.

Jama'a suna zaton caca sa'a ce. Ta ƙananan mutane wataƙila. A inda na yi wasa kowa ya san kati, abin da ake karantawa mutum ne: yadda yake haɗiyar yawu, inda idonsa ya fara zuwa, tsawon shirunsa. Wanda ya yi maka fara'a yana son ka saki jiki. Wanda ya tambaye ka abu, ya riga ya san rabin amsar. Shekara goma sha ɗaya ina ci da wannan ilimin, bai taɓa barina da yunwa ba.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na kai 'yan Umra Uhudu, ina jiransu a bas na duba waya. Hoton bidiyon da nake tsoro yana nan a intanet. Gasar Saifurus, teburin ƙarshe, ni da baƙin tabarau da hula hana-salla, ba gemu, kumatu cike. Sunan da aka rubuta a ƙasa ba Barau ba ne, sunan makaranta ne. Wanda bai san ni ba ba zai gane ni ba. Wanda ya san hannuna zai gane, domin kamarar ta daɗe a kansa yana wannan saƙar.

Sagiru kullum yana kan waya. Ƙwallo yake kallo, in ji shi.

Bayan gasar nan ce na aika wa Inna kujerar Makka ta mayar. Ta ce ba za ta tsaya gaban Ka'aba da gumin 'ya'yan wasu ba. Ta rasu ba ta zo ba. Ni na zo.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Kaftanina mai ruwan toka ba ya cikin kwaba. Na zazzage komai. An taɓa akwatina ma, domin zif ɗin hagu nakan bar shi a tsakiya, yau na same shi a ƙarshe. Ba abin da ke ciki sai tsohon fasfo. Amma tsohon fasfon nan hatimi ne a kowane shafi: Saifurus, Maroko, Filifin, Saifurus, Maroko. Mai hankali zai tambayi abin da ɗalibi ke nema a waɗannan wuraren.

Na tambayi Sagiru ko ya ga rigar. Ya ce, "Wace?" Wanda bai sani ba cewa yake yi a'a. "Wace" sayen lokaci ne.

Da La'asar wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya fita matakala ya rufe ƙofa. Sagiru da ke amsa wayar matarsa a gabana yana sosa ciki. Na ji "bai sani ba tukuna," sannan ya sauka ƙasa.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Saƙon Radiyya, da izinin Malam muke yi. "Barka da Juma'a, Malam Barau. Ya hanya?" Na amsa nan take. Ta yi minti arba'in kafin ta sake rubutowa, kuma "Alhamdu lillah" kawai ta ce. Makon jiya layi uku ta rubuto.

Tana aiki, ai majinyata ba sa jira. Haka nake gaya wa kaina. Barau, kai dai ka ci tuwonka.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ba zan zauna ana raba min kati a rufe ba.

Akwai abin da muke yi idan ba mu san abin da abokin wasa ke riƙe da shi ba. Ba ka tura kuɗinka duka, ba ka kuma ajiye katinka ka gudu. Kana jefa ɗan kaɗan ne, abin da ba zai yi maka ciwo ba, ka ga yadda zai motsa. Motsinsa shi zai gaya maka. Na taɓa yi wa wani attajiri haka a Marrakesh, mutumin da ake cewa fuskarsa ba ta magana. Sau uku ina jefa masa ɗan kaɗan a zagaye daban-daban, a na huɗu na san shi fiye da matarsa.

To ga abin da zan yi. Ina so in san wanda ke kai wa Malam labarina a ɓoye. Mutum uku ne. Zan ba kowannensu gari ɗaya, daban da na ɗan'uwansa, a matsayin inda na zauna bayan na bar karatu. In sunan garin ya fito daga bakin Malam, na san bututun da ke yoyo. In Sagiru ne, sai in san takun da zan yi kafin ya kai fasfo ko bidiyo.

Ƙarya ce, na sani. Na tuna maganar shehi. Amma ƙaramar ƙarya ce, ba ta cutar da kowa, kuma ba Malam zan yi wa ba. Shekara uku ban yi ba, sau ɗaya dai.

Litinin, 14 ga Oktoba

Sagiru ya samu Dubai. Muna wanke kwanuka na sako zancen kamar ya suɓuce, na ce zafin bana ya tuna min shekarun da na yi a Dubai ina sayar da wayoyi. Ya ce, "Ashe? Shi ya sa ka iya Turanci." Ya ci gaba da cuɗa tukunya. Ko dai ya iya wasa fiye da yadda nake zato, ko kuwa...

Talata, 15 ga Oktoba

Abba ya samu Istanbul, wajen karɓar makulli. Na ce harkar yadi na yi shekara da shekaru. Nan take ya hau tambayar ko ina da wanda zai haɗa ƙaninsa da masu jallabiya. Na ce duk sun tashi. Ƙarya ɗaya na je yi, na dawo da uku.

Laraba, 16 ga Oktoba

Hajiya Ƙaltume ta fi wuya. Na kai mata gas ɗin girki Ƙiblatain, ta hana ni tafiya sai na sha kunu. Ta zauna a bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa, rabin maganarta Hausar Chadi rabi Larabci. Na ce mata na yi shekaru a Maleshiya ina aikin ofis. Ta ce, "Masha Allah, ya waladi, can ma akwai Musulmi ko?" Na ce da yawa. Haka take kirana kullum, ya waladi, wato ɗana. Ta yi min addu'a doguwa, har da Inna a ciki.

Kunun bai wuce min da daɗi ba. Amma an raba kati, sai a jira.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na yi Isha'i a masallacin unguwar su Malam da gangan. Ya riƙe hannuna a ƙofa, ya tambayi aiki, ya tambayi ƙafata da na ce tana ciwo. Ba Dubai, ba Istanbul, ba Maleshiya. Mutumin nan ko dai bai fara binciken ba, ko kuwa shi ne ɗan wasa mafi kyau da na taɓa zama da shi.

Talata, 22 ga Oktoba

Kaftanin ya dawo. Na shigo daga aiki na same shi a kan gado, a goge, kusa da shi leda. Cikin ledar sabon ɗinki ne, farar shadda, riga da wando. Sagiru da Abba suna tsaye suna washe baki. Sun ce sun kai wa tela tsohuwar rigar ne don awo, kayan ɗaurin aure ne, kada in je gaban Malam da rigar direba. Sagiru ya ce a akwati ya fara nema bai samu ba, sai a kwaba.

Na yi godiya, na gwada, ta zauna daidai. Har idona ya so ya cika.

Amma bayan sun fita na zauna na duba abin da kyau. Rigar ta bayyana akwati, ta bayyana wayar matakala. Ba ta bayyana dariyar ranar Lahadi ba. Kuma wanda ke son ka saki jiki kyauta yake fara yi maka. Allah ya yafe min in zato ne, amma ban cire Sagiru ba tukuna.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Ban je tuwon Hajiya ba yau, ina da fita Ƙuba da 'yan Agadas. Ashe yau Malam ya zaɓa.

Sagiru ya dawo bayan La'asar, bai cire takalmi ba ya tsaya a ƙofa. Ya ce, "Barau, a ina ka zauna kafin ka zo nan?"

Na ce me ya faru.

Ga yadda ya ba ni. Bayan an sauko Juma'a Malam ya je gidan Hajiya da kansa, ya zauna ya ci tuwo da kowa. Da aka watse ya ce Sagiru da Abba su tsaya, Hajiya tana bakin ƙofa. Ya ce shi ba ya bincike a bayan mutum, a fili yake yi, ga abin da ya kawo shi. Ya tambayi sallata, da fushina, da yadda nake da amana. Abba ya ce shekara biyu muna bas ɗaya bai taɓa samun tanki a bushe ba. Hajiya ta ce da tana da 'ya da ni za ta ba. Sagiru ya ce lokacin da ya kwanta zazzaɓi ni na yi jinyarsa kwana tara.

Malam ya yi hamdala, ya miƙe, har ya sa takalmi ɗaya. Sai Hajiya, don ta ƙara min daraja, ta ce ai yaron ya ga duniya, ya yi aikin ofis a Maleshiya. Abba ya ce a'a Hajiya, Istanbul dai, harkar yadi. Suka juya ga Sagiru su biyun.

"Me ka ce?" na tambaye shi.

Ya ce, "Na ce ni ban sani ba, wataƙila kunnena ne. Amma Malam ya kalle ni, ya ce in faɗi abin da na ji. Ba zan yi wa malami ƙarya a kan aure ba. Na ce Dubai."

Ban taɓa kawo wa raina za a tara su wuri ɗaya ba. A tebur ba wanda ke nuna wa na kusa da shi katinsa. Na manta nan ba tebur ba ne, mutanen nan kwano ɗaya suke ci duk Juma'a.

Sagiru ya sake tambaya, a hankali: "Wanne ne gaskiya?" Na ce babu ko ɗaya. Ya gyaɗa kai, ya sauka warsha, alhali yau ba aiki.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ba wanda ke kai labari. Babu bututu, babu yoyo. Ba wanda ya ga bidiyo.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Malam ya kira ni Al-Ranuna bayan La'asar. Shayi kamar kullum. Duk hanya ina shirya yadda zan ɗinke garuruwan uku su zama tafiya ɗaya, kuma wallahi da na iya: shekara biyu nan, huɗu can, biyar can. Har na tsara shekarun. Na zauna, na ga ya ajiye min dabino a gabana da hannunsa, sai na ji na gaji.

Na gaya masa komai. Yadda na bar aji na koma tebur a shekara ta biyu. Otal-otal, jirage, mutanen da na tashi da abin hannunsu ina musu murmushi. Wani Balarabe da ya bi ni har bakin lif yana kuka, na danna maɓalli. Kujerar Inna. Yadda na rabar da abin da ya rage na zo nan da jaka ɗaya. Sannan na gaya masa dalilin garuruwan uku, wanda ya fi sauran nauyi a baki.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye kofi. Ya ce, "Malam Barau, da ka yi shiru, da ban taɓa tambayarka shekarun nan ba. Ba huruminmu ba ne. Da wani ya kawo min hoton nan da kake tsoro, da na ce ya goge, ya ji tsoron Allah. Mutum ya bar abu shekara uku, ya zo garin Manzo yana cin guminsa, ni wane ne?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, tsoro ne."

Ya ce, "Na gane. Amma cacar ka bar ta shekara uku. Ƙaryar kuwa ko mako biyu ba ta yi ba. Kuma ba maƙiyanka ka yi wa ba."

Na kalli fuskarsa don in ga inda ya dosa, ban ga komai ba sai baƙin ciki.

Ya ce Radiyya ba yarinya ba ce, ta yi aure ta san zaman gida, ba zai yanke mata ba. Zancen karta ba zai fita daga bakinsa ba sai in ni na yarda. Zancen garuruwan kuwa dole ta ji, domin Hajiya ta riga ta kira ta tana kuka. Na ce ya gaya mata duka, har kartar. Ya ce in ba ta mako guda.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na je Ƙiblatain. Hajiya ta karɓi gaisuwata daga bayan labule. Na ba ta haƙuri, ta ce, "Khalas, Allah ya yafe mana." Ba ta ce ya waladi ba, ba ta kuma kawo kunu ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

Abba ya sauƙaƙa min. Ya ce, "Kai dai ɗan iska ne, na riga na gaya wa ƙanina ya fara neman biza." Ya yi dariya ya miƙo makulli.

Sagiru ne. Kwana biyar muna ɗaki ɗaya, gaisuwa kawai. Yau da safe na zaunar da shi na gaya masa sana'ata ta da, da abin da na zarge shi da shi, tun daga dariya har akwati. Na ɗauka kartar ce za ta girgiza shi. Ko a jikinsa. Ya ce a Maraɗi ƙanin babansa ya yi caca har ya sayar da jaki, yanzu shi ne ladan.

Sai ya ce, "Amma ranar da muka kawo maka rigar, kana gwadawa kana godiya, a ranka ni ɗan leƙen asiri ne?"

Na ce eh.

Ya ce, "To." Ya tashi ya ɗauki kayan aikinsa. A ƙofa ya ce ful yana cikin tukunya, in ɗumama.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Shiru daga Radiyya. Na buɗe wayar ya fi sau talatin. Na fara lissafin abin da shirun ke nufi, kwana huɗu, in da a'a ce da tuni, in da eh ce da... Na ajiye. Na wanke bas ciki da waje, duk da ba ranar wanki ba ce.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ba ta cika makon ba. Malam ya kira, na je bayan La'asar. Ya zauna a gefe da littafi a hannu, ita ta zauna kusa da ƙofa. Ta ce ta fi so in ji daga bakinta, ba a waya ba.

Ta ce kartar ba ta dame ta ba, ta yi istihara a kanta ta ji sanyi. A asibiti tana ganin mutane iri-iri, ta san ana canzawa. Ta ce ta so auren nan, har ta fara duba labule.

Sannan ta ce, "Amma Malam Barau, wanda ya yi jinyar mutum kwana tara sannan ya ɗana masa tarko, matarsa ma zai ɗana mata. Ni in na dawo daga aiki a gajiye nake. Ba zan iya zama a gidana ina tunanin wace maganarka ce magana, wace ce gwaji ba. Ka yi haƙuri. A'a."

Na ce na gode da ta gaya min da kanta. Malam ya rako ni har bakin titi, ya ce kada in daina zuwa masallacinsu.

Na zauna a bas ban tayar ba. Na jira kaina ya fara aikinsa, ya juya maganar, ya nemo inda muryarta ta yi rawa, ko tana so ne in ƙara matsawa, ko Malam ne ya sa ta. Bai fara ba. Ta ce ta so auren, kuma ta so shi. Ta ce a'a, kuma a'a take nufi. Na yarda da ita, duka biyun.

Yana da ciwo, wallahi yana da ciwo.

Wataƙila gajiya ce ta hana ni tono. Gobe ina da fita Ƙuba ƙarfe shida.